Wasiƙa daga Bolonya: Labarin mutumin da garinsu ya kora

Assalamu alaikum, mutumina Bazazzagi.

Gaisuwa mai yawa tare da fatan kana lafiya, kai da uwargida da yara. Yaya ƙafar Baba? Ka ce masa ina duba shi, in Allah ya yarda zan kira shi ranar Juma'a bayan an sauko. Mu nan sai godiya. Sanyi ne dai ya fara shigowa, irin mai ratsa ƙashi, ga hazo da safe har ba ka hango ƙarshen layi. Ka daina yi mini kurin hunturun Zariya, wasan yara ne.

Saƙon muryarka sau uku na saurare shi. Na so in mayar maka da murya, sai na tuna halinka, ba ka bari mutum ya kai aya. A takarda kuwa dole ka bi ni har ƙarshe. Ka ce ka gaji da rubuta waƙa da Hausa, wai daga kai sai 'yan majalisarmu ke karantawa, za ka koma Turanci ko duniya ta san da zamanka. Ni ban ce ka koma ba, ban ce ka fasa ba. Labarin wani mutum zan ba ka, wanda na je kabarinsa ranar Asabar da ta wuce.

Sunansa Dante Alighieri, babban mawaƙin Italiya. Tun ban san ko wane ne ba nake yawo da shi a aljihu, don kansa ne a kan tsabar Yuro biyu ta Italiya: dogon hanci, fuska a murtuke, ganye kewaye da kai. Da wuya ka shiga gari a ƙasar nan ba ka ga titi ko dandali mai sunansa ba. A birnin Firenze aka haife shi a 1265, lokacin da babu wata ƙasa guda mai suna Italiya, sai birane kowanne yana cin gashin kansa, kowanne kuma a rabe gida biyu: masu goyon Fafaroma da masu goyon babban sarkin da ke mulki daga wajen Jamus. Dante yana cikin na Fafaroma, har ya hau doki ya yi musu yaƙi a Campaldino a 1289, yana ɗan shekara 24, suka ci nasara. To ka san halin 'yan siyasa, da abokin gaba ya kau sai su juyo kan juna. Jam'iyyar ta tsage, aka samu Farare da Baƙaƙe. Shi yana cikin Farare, madugun Baƙaƙe kuwa, Corso Donati, dangin matarsa ne.

A 1300 aka zaɓe shi cikin mutum shida da ke riƙe da birnin, wa'adinsu wata biyu kacal. A cikin wata biyun nan ne suka yanke shawarar korar shugabannin rikici na ɓangarorin biyu, har da babban amininsa, mawaƙi Guido Cavalcanti. Guido ya kamu da ciwo a inda aka tura shi, ya dawo gida ya mutu a watan Agusta na shekarar. Wannan wurin ya tsaya mini a rai ƙwarai. Ka dubi a ce da hannuna na sa hannu a takardar korarka.

Bai daɗe ba shi ma aka auna masa da mudun. A ƙarshen 1301 an tura shi Roma wajen Fafaroma Bonifas na Takwas, yana can sai ƙanen sarkin Faransa ya shiga Firenze da dakaru da sunan sulhu, da yawun Fafaroman. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Baƙaƙe suka ƙwace gari, aka bi gidajen Farare da wawaso. A watan Janairu na 1302 aka yanke wa Dante hukunci a bayan idonsa, wai ya yi almundahana da muƙami, aka ci shi tarar 5,000 ta kuɗin garin. Da bai zo ya biya ba, a watan Maris aka ce duk ranar da aka kama shi a ƙone shi da ransa. Daga nan har ya koma ga Mahaliccinsa bai sake taka Firenze ba, kusan shekara ashirin.

Akwai wani baiti nasa da kowane ɗan makaranta a nan ya sani, inda kakan kakansa ke yi masa bushara da wannan kora. Ya ce masa za ka ɗanɗana yadda burodin wasu ke da gishiri, za ka san wuyar hawa da sauka a matakalar gidan wani. Da na fara jin baitin na ɗauka zance ne na hikima kawai, gishirin hawaye yake nufi. Sai bara da na je Firenze na sayi burodi, na kai baki na ji shi lami. Na zaci mantuwa mai gashin ya yi, ashe haka suke yinsa tun kaka da kakanni, ba gishiri ko ɗis. Ka ga ke nan mutumin nan duk garin da ya je, lomar farko ta safe ita ke tuna masa cewa ba gida yake ba. Ni da na shekara biyu ban ga tuwon dawa da miyar kuka ta gaske ba, ba sai malami ya yi mini sharhin wannan baiti ba.

Ga shi da taurin kai. A 1315 aka yi masa tayin komawa, da sharaɗin ya biya tara, a zagaya da shi a bainar jama'a kamar mai laifin da ya tuba. Ya rubuta wa wani abokinsa na Firenze wasiƙa ya ce in ba wata hanya ta mutunci, to ba zai shiga garin ba har abada. Ai rana da taurari ko'ina mutum yake zai gan su. Suka sabunta hukuncin kisa, wannan karon har da 'ya'yansa maza.

Kafin in wuce, bari in yi maka tsegumin gidansa, na san za ka so. Yana ɗan shekara tara ya ga wata yarinya, Beatrice. (Ka karanta sunan kamar Hausa, "ce" ɗinsu irin namu ne.) Bai aure ta ba, wani ta aura, ta rasu a 1290 tana da ƙuruciya. Ya tara waƙoƙin begenta a ɗan littafinsa Vita Nuova, wato sabuwar rayuwa, ya rufe shi da alkawarin zai faɗi a kanta abin da ba a taɓa faɗi a kan wata mace ba. Ya kuwa cika, don ita ya sa ta yi masa jagora a Aljanna cikin babbar waƙarsa. Matarsa ta aure fa, Gemma, wadda ta haifa masa 'ya'ya, ta zauna a Firenze da su bayan an ƙwace dukiya? Ko sau ɗaya bai ambaci sunanta ba. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Kar ka karanta wa uwargida wannan sakin layin, kar ta ce duk mawaƙa halinku ɗaya.

To ga inda maganarka ta shigo. A zamanin Dante duk mai son a kira shi malami da Latin yake rubutu. Shi ne harshen coci, da shari'a, da jami'a, har da wannan ta Bolonya da ake cewa ta girmi duk jami'o'in Turai. Harshen da ake magana da shi a gida da kasuwa ana yin waƙar soyayya da shi, amma ba a ɗauke shi abin da zai iya ɗaukar ilimi mai nauyi ba. Dante ya iya Latin sarai. Har ma da Latin ɗin ya rubuta littafin da ya kare harshen gida, don ya san malaman da yake jayayya da su ba za su buɗe littafin da ba na Latin ba. Hujjarsa ita ce harshen da yaro ya tsotsa a bakin mai renonsa, ba tare da an koya masa ƙa'ida ba, ya fi wanda ake koyo da bulala daraja. A cikin littafin ya bi karin harsunan Italiya goma sha huɗu yana tankaɗe da rairaya. Na Roma ya ce ya fi kowanne muni. Mutanen yankinsu ma bai bar su ba, ya ce hauka ce ke sa su ɗauka nasu ne gaba. Na Bolonya ne ya ɗan yaba. Ina karantawa ina dariya, na tuna daren da kai da mutumin Sakkwaton nan kuka kusa dambe a kan wace ce Hausa ta asali, ni Bakano ina gefe na san amsar.

Bai gama wannan littafi ba. Ajiye shi ya yi, ya ɗauki alƙalami ya yi abin da ya fi hujja: waƙa mai ɗango 14,233, da harshen garin da ya kore shi. Shi Commedia kawai ya kira ta. Wani marubucin ƙasarsu, Boccaccio, ne daga baya ya laƙa mata "divina", wato tsarkakakkiya, sunan bai hau bangon littafi ba sai a bugun 1555. Wani malamin Latin na nan Bolonya, Giovanni del Virgilio, har ya rubuta masa cewa yana zubar da lu'ulu'u gaban waɗanda ba su san darajarsa ba, ya yi waƙa da Latin a naɗa masa kambun mawaƙa. Ka ji, shawarar da kake ba kanka yau an ba wani shekara 700 da suka wuce. Dante ya mayar masa da amsa cikin ladabi, da baitocin Latin masu kyau don ya san ba gazawa ba ce, ya ci gaba da abinsa. Ni dai wannan ya tuna mini da su Shehu Usmanu da Nana Asma'u, da Larabcinsu kamar ruwa, amma da suka so wa'azi ya isa ga makiyayi da matar da ke tsakar gida sai suka yi shi da Fulatanci da Hausa.

Kai da kake ma'abocin ƙwar biyar da tahamisi, tsarin waƙar zai burge ka. Kashi uku ce: Wuta, da Dutsen Tsarkakewa (a aƙidar Katolika wuri ne da ake wanke mai zunubin da ya tuba kafin ya shiga Aljanna), sai Aljanna. Kowane kashi babi 33, da ɗaya na shimfiɗa, ya zama 100 cif. Kowane ɗango gaɓa 11. Baitin ƙwar uku ne, amma amsa-amon nasa ba irin namu ba ne. Ɗango na ɗaya da na uku su ke amsa juna, na tsakiya kuwa a bar shi a rataye, shi zai zama amon ɗango na ɗaya da na uku a baiti na gaba, wanda shi ma na tsakiyarsa zai haifi na gabansa. Kamar kitso, kowane silin gashi sai ya bi ta ƙarƙashin ɗan'uwansa. Ba ka iya zare baiti ɗaya ba tare da an gane ba, kuma mai karatu ba ya samun wurin tsayawa, kullum akwai amon da ake binsa bashi. Duk kashi ukun da kalma ɗaya ya rufe su: taurari.

Labarin shi ne yana tsakiyar rayuwarsa, shekara 35, ya ɓace a wani duhun daji, sai tsohon mawaƙin Rumawa Birjil ya zo ya ja shi suka ratsa lahira. Kowa ya fi son kashin Wuta, ni ma haka, don nan ne mutumin ya saki jiki. Azabar kowa daga laifinsa aka ƙera ta. 'Yan duba da suka ce suna ganin gobe an murɗe musu wuya, fuska ta koma ƙeya, suna tafiya da baya. Munafukai suna jan alkyabba mai ruwan zinariya a waje, cikinta dalma. Waɗanda suka ƙi tsayawa ko'ina a duniya, ba sa nan ba sa can, ko Wutar ba ta karɓe su ba, suna bakin ƙofa suna bin wata tuta a guje, rina na harbinsu. Masu cin hanci da muƙami, laifin da aka ɗora masa ke nan, suna nutso cikin tafasasshiyar kwalta. Can ƙasan ƙasa kuma, wurin maciya amana, ba wuta ba ce, ƙanƙara ce. Da na kai nan sai da na ce a raina, zamharira.

Ramuwar gayya kuwa ya yi ta son ransa. Ya sa tafiyar a shekarar 1300, lokacin Bonifas yana da rai, don haka ba dama ya gan shi a Wuta. Sai ya yi dabara: ya iske wani Fafaroman da ya riga mu gidan gaskiya an dasa shi a rami kai ƙasa, tafin ƙafa na ci da wuta, da ya ji motsi sai ya ce, Bonifas, har ka iso? Ni a ganina nan ne ƙarfinsa, nan ne kuma aibinsa. Mutum ya naɗa kansa alƙalin lahira, ya raba wa maƙwabta da abokan hamayya masauki. Amma ba maƙiya kaɗai ya jefa ba. Malaminsa Brunetto Latini, da yake ƙauna kamar uba, a Wuta ya same shi, ya bi gefensa kai a sunkuye don girmamawa.

Akwai abin da ba zan ɓoye maka ba, don in ka ji daga bakin wani za ka ce na yi maka rufa-rufa. A babi na 28 na kashin Wuta ya taɓa janibin Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, da Sayyadina Ali, da maganar da ba zan maimaita ba. Ranar da na kai wurin rufe littafin na yi, na fi mako ban koma ba. Kirista ne na zamanin yaƙe-yaƙen 'yan Salibi, abin da aka cusa musu ke nan, amma sanin dalili bai rage mini ɗacin ba. Hasan Usman, Bamisiren da ya mayar da waƙar Larabci, tsallake baitocin ya yi. Abin mamaki, shi wannan Dante ɗin ne ya ware Ibn Sina da Ibn Rushd da Salahuddin ya zaunar da su tare da manyan masanan Girka a wurin da babu azaba. A 1919 kuma wani limamin Katolika ɗan Sifaniya, Asín Palacios, ya fitar da littafi yana cewa tsarin tafiyar ya yi kama ƙwarai da ruwayoyin Isra'i da Mi'iraji. Italiyawa suka yi ca a kansa. Bayan shekara 30 aka fito da wani littafin Mi'iraji da aka fassara daga Larabci a fadar Sarki Alfonso na Goma, har zuwa Latin da Faransanci, tun kafin Dante ya yi wayo. Brunetto kuma ya taɓa zuwa wannan fada da aiken Firenze a 1260. Har yau masana na ja-in-ja a kan ko Dante ya karanta shi.

Abin da ya sa harshen nasa ya rayu, a fahimtata, bai yi masa wanka da turare ba. Ya zuba maganar kasuwa, da zagi, da "mamma" da "babbo" na bakin yara. Akwai ma shaiɗanin da ya mai da bayansa kakaki ya busa wa rundunarsa. Da ya hau Aljanna kuma kalmomi suka ƙare masa, sai ya shiga ƙera sababbi. Masu gyaran harshe na baya, irin su Pietro Bembo a 1525, sun ga ya cika kwashe-kwashe, suka ce a yi koyi da mawaƙi Petrarca da Boccaccio. Talakawa ba su jira izininsu ba. Akwai hikayar da ake bayarwa cewa ya taɓa jin wani maƙeri yana rera baitocinsa yana cin rabinsu, sai ya shiga maƙerar ya yi ta watsi da guduma da awartaki a titi. Maƙeri ya ce kai lafiya, za ka ɓata mini kayan sana'a? Ya ce kai ma nawa kake ɓatawa. Wata kuma ta ce matan Berona in ya wuce sukan nuna shi, ga mai zuwa Wuta ya dawo, dubi yadda hayaƙi ya dafar masa da fuska. A 1373 hukumar Firenze da kanta ta ɗauki Boccaccio aikin karanta waƙar yana fassara wa jama'a, kamar yadda ake zaman tafsiri. Da aka haɗe Italiya a 1861, mutane ƙalilan ne ke jin harshen da aka ce shi ne na ƙasa, kowa da karin garinsu. Harshen nan kuwa na Firenze ne, wanda korarren nan ya fita da shi a baki. Yau ɗan sakandare yana buɗe waƙar ya gane mafi yawanta.

A garin Rabenna ya ƙare, a inuwar mai garin, Guido Novello da Polenta. An aike shi Benis, ya dawo da zazzaɓi, ana kyautata zaton na cizon sauro ne, ya cika a watan Satumba na 1321 yana da shekara 56. Boccaccio ya ce babi 13 na ƙarshe sun ɓace, sai da ɗansa Jacopo ya gan shi a mafarki ya nuna masa wata kafa a bango.

Daga nan Bolonya zuwa Rabenna jirgin ƙasa awa ɗaya ne da 'yan mintoci. Kabarin ɗan ƙaramin gini ne mai ƙubba a ƙarshen wani lungu, jikin cocin San Francesco. Mutanen garin da tsiya suna ce masa mazubin sukari. Firenze ta yi ihu bayan hari, ta dawo tana roƙon ƙasusuwa. A 1519 Fafaroma Leo na Goma, ɗan Firenze, ya ba da izini a ɗauko, shahararren mai sassaƙa Michelangelo ya ce shi zai gina kabarin. Da aka buɗe akwatin dutsen, wayam. 'Yan zuhudun cocin sun huda bango ta ciki sun kwashe. Sai a 1865 magina suka ci karo da su cikin wani akwatin katako a bango. Kabarin da Firenze ta gina masa a 1829 yana nan har yau ba kowa ciki. Abin da ya rage musu shi ne duk watan Satumba su aiko da man zaitun na fitilar da ke ci a kansa. Majalisar birnin ba ta janye hukuncin korar ba sai a 2008.

Na daɗe a wurin har rana ta yi gora. Da almuru sai wata ƙararrawa ta buga sau 13. Wani dattijo da ke kusa da ni ya ce don wani baiti ne na kashi na biyu, ya karanta mini da ka: lokacin nan ne da ke juya zuciyar matafiya a teku zuwa gida, a ranar da suka yi sallama da aminai. Ban ce masa komai ba. Lokacin nan ne da muke shimfiɗa tabarma a ƙofar gidanku, ana jiran kiran salla, kana karanta mana sabon baiti muna yi maka gyaran da ba ka nema ba.

Wani abu na ƙarshe, na sana'a. Masu mayar da waƙar nan Turanci kullum kukansu ɗaya, amsa-amon kitson nan ba ya zama a harshensu sai da tilas, shi ya sa da yawansu suke watsar da shi. Kalmomin Italiyanci da wasali suke ƙarewa. Namu fa? Na gwada a cikin jirgi ina dawowa, na yi baiti huɗu na maƙale, kuma ba zan nuna maka ba don na san abin da za ka ce. Kai ka gwada mini goma, a kan duk abin da ka ga dama, ko da a kan rashin wutar unguwarku ne. Akwai wani ɗan'uwa da zai taso daga Kano ƙarshen wata, zan turo maka lambarsa. Ka haɗo shi da baitocin a rubuce da hannunka, da kuka, da daddawa, da yajin uwargida in ta yafe mini na wancan karon da ban yi godiya ba.

Ka gaida Inna, da 'yan majalisa kaf.

Naka,
Bakanon da ka sani.